Ƙofar Mafarauciya

Su huɗu ne a gidan: Kaka, da ɗansa mai fenti, da matar ɗan wadda ke aiki a gidan burodi, sai jika guda, yarinya 'yar firamare. Yarinyar ta ci sunan marigayiya matar Kaka, saboda haka ba mai kama sunan a gidan. Mahaifinta Mamana yake ce mata. Kaka kuwa Uwargida yake kiranta, yana yi mata tsiya wai tun da ya aure ta ko ruwan shayi ba ta taɓa ɗora masa ba.

Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne babban mutum da zai zauna a gida da rana, domin Umma kan fita tun da asuba, Abba kuma yana bin sababbin gine-gine har yamma. Sun kuma rasa bakin faɗa wa juna abin da ke ransu. Abba irin mutanen nan ne da in yana ƙaunarka ba zai furta ba, sai dai ka dawo ka tarar ya yi wa tagarka fenti. Gidansu ne kaɗai burushinsa bai taɓa ba, don Kaka ya hana. Ƙofar gidan koriya ce da ta koɗe tana ɓarewa, kujerar Kaka an ɗaure ƙafarta da waya, kuma duk sanda Abba ya kawo maganar gyara sai tsohon ya ce, "Je ka shafa wa masu so. Ni a haka na san kayana."

Kaka tsohon direban bas ne. Da ya ajiye tuƙi sai ya koma wa ɗan lambun da ke bayan gida, yana noma tumatir da wake. A kusurwar lambun, jikin katanga, akwai ragowar rairayin gini da ya baje ya kwanta, rana na dukansa tun hantsi. Tarkace ne warwatse a kansa: ɓallen kofin tangaran, guntun tiyo, warin silifas, da wani dutse mai kama da ƙoda. Kaka ya kafa doka kada tsintsiya ta taɓa wurin. Bai taɓa faɗin dalili ba, kowa kuma ya ɗauka rigimar tsufa ce.

A nan Mafarauciya take. Kaka ne ya raɗa mata sunan. Wata irin zanzaro ce, amma ba mai ginin laka a bango ba. Ita a ƙasa take haƙa raminta, kuma ita kaɗai take zamanta, ba sarauniya, ba 'yan'uwa, ba mai taya ta. Baƙa ce mai ratsin rawaya a ciki. Abin farautarta ɗaya ne, ƙwaron wari, koren nan mai faffaɗan baya kamar garkuwa, wanda ke tsotse tumatir ya bar masa tabo mai tauri, in ka kuskura ka taɓa shi kuma hannunka ya wuni yana ɗoyi.

"Zauna, Uwargida, ma'aikaciyata ta dawo," Kaka kan ce, yana zaune a kan wani tsohon bokiti da ya kife.

Sai su zuba ido. Mafarauciya ta sauko da ƙwaro rungume a ƙarƙashin cikinta, ta dira a kan rairayin da ido ba ya ganin komai a kansa, ta tona da ƙafafun gaba tana watso ƙasa ta baya kamar kare, sai ga ƙofa ta buɗe. Ta shige da kayanta. In ta fito sai ta mayar da rairayi ta toshe, ta shafe wurin sumul, ta tashi ta yi 'yan kewaye a sama, sannan ta nufi ganyen wake.

"Kaka, kashe shi ta yi?"

"Sumar da shi ta yi. Harbi ɗaya, ya kwanta. Ƙwai ta ajiye a cikin ramin. In ɗanta ya ƙyanƙyashe sai ya tarar da abinci bai ruɓe ba."

"Abinci mai wari haka? Tir!"

"Ke da ba kya girki, ina ruwanki da girkin wasu?"

"Tsohon miji ma ai ba ya cefane."

Kaka ya yi dariya har da tari.

Ana gab da hutun makaranta Kaka ya faɗi a tsakanin kunyoyin wake. Ya daɗe a asibiti. Likita ya ce wata jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Hannu da ƙafa za su dawo, amma tunani sai a hankali, wani sashen ma ba lallai ya dawo ba. Abba ya saurara, ya gyaɗa kai. Washegari ya ajiye aikin mutane, ya shigo gida da bokitan fenti.

Ya kankare koren ƙofa ya mayar da ita fara. Ya shafe falo da baranda da kicin. Ya ɗauko gadon Kaka daga ɗakin baya ya kai ɗakin da ke kusa da banɗaki, don kada tafiya ta yi masa nisa. Kujerar mai waya aka ba masu tara tsofaffin kaya, aka kawo sabuwa mai laushi. Umma ta sauya labule. Yarinyar ce ke riƙe wa Abba bokiti, kuma a kwanakin ya koya mata yadda ake matse burushi a bakin gwangwani don kada fenti ya ɗiga. Tun da aka kwantar da Kaka gidan bai yi walwala irin ta wannan lokacin ba.

"Baba zai ɗauka otal aka kawo shi," in ji Umma tana dariya.

Ranar da aka sallamo shi, Kaka ya sauko daga tasi yana dogara sanda, ya tsaya a gaban farar ƙofa.

"Bismillah, Baba, shiga," in ji Abba.

Kaka ya yi sallama, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya zauna a gefen sabuwar kujera bai jingina ba. Ya yaba tsabtar gidan. Ya ce masu gidan da gani mutanen kirki ne. Da aka kawo shayi ya sha rabi, ya ajiye kofin a hankali, ya dubi ɗansa.

"To, mun gaisa. Tashi ka kai ni gida kafin rana ta faɗi."

Haka aka shiga. Kullum Kaka na neman izini kafin ya shiga banɗaki, yana ba Umma haƙuri a kan ɗawainiyar da ya ɗora mata. Jikarsa kuwa kallon 'yar masu gida yake mata. Da an ɗauke ido sai ya ɗauki sanda ya nufi titi.

Sai ga Goggo, yayar Abba, ta iso daga garin da take aure, tafiyar wuni guda a mota. Mace ce mai faɗar magana yadda ta zo mata. Ta zauna a falo, ta kwance mayafi, ta ƙare wa ƙanenta kallo.

"Jiya ma mai gyaran keke ne ya tsinto shi a bakin babban titi, ko ƙarya aka yi min?"

"Yaya, a ba shi lokaci. Zai saba."

"Wa zai tsare shi kafin ya saba? Kai kana kan tsani, matarka tana bakin tanda. Ko wannan 'yar ficiciyar za ku bar wa?" Ta nuna yarinyar da haɓa. "Ka saurare ni da kyau. Zan zauna har a koma makaranta. In ya gane gidan nan, na bar muku shi, Allah ya ba da lafiya. In bai gane ba, da shi zan tafi. Gidana ba a rasa mutum, kuma get ɗina da kwaɗo."

Abba ya sunkuyar da kai yana ɓantarar busasshen fenti a farcensa. Yarinyar na tsaye jikin labule, ta ji komai. Ta san garin Goggo. In aka kai Kaka can, sai dai ta gan shi daga hutu zuwa hutu.

Washegari da hantsi ta tarar da Kaka yana laluben sakatar ƙofa. Sai ta kama hannunsa ta ja shi ta kicin zuwa bayan gida. Nan ne kaɗai burushin Abba bai kai ba. Katangar na nan da dattinta, bokitin na nan a kife, tarkacen na nan kowanne a inda yake.

Kaka ya tsaya. Kafaɗunsa suka sauka. Ya taka ba tare da an nuna masa hanya ba, ya zauna a kan bokitin, ya jingina sandarsa a inda ya saba jingina fartanya.

"Uwargida," ya ce, "wane marar tausayi ne ya bar min wake babu ruwa?"

Ta ruga famfo da gudu don kada ya ga idonta.

Daga ranar, da rana ta ɗaga sai su fita. A cikin gida Kaka baƙo ne, a bayan gida kuwa Kaka ne sak. Yana tsokanarta, yana ƙirga mata laifuffukan ƙwaron wari, yana jinjina wa Mafarauciya duk sanda ta sauko da kaya. Goggo kan leƙo ta tagar kicin ta daɗe tana kallonsu. Wata rana yarinyar ta ji tana ce wa Umma, "In ya gane bayan gida, wataƙila gaban ma ya biyo." Amma da Goggo ta fito shanya sai ta yatsina fuska.

"Ke, uwar masu gida, a cikin bola kike zaunar min da uba? Dubi fasasshen kofi. In ya taka ya yanke fa? Marar lafiya a kan bokiti, kamar wanda ba shi da kowa!"

Maganar ta kwana a ran yarinyar. Hutu ya kusa ƙarewa. Ta yi lissafinta irin na mai hankali: idan nan ne wurin da Kaka ke so, to a gyara shi ya ƙara sonsa, Goggo kuma ta rasa abin kushewa. Ba ta nemi shawarar kowa ba, don tana son abin ya zama kyauta. Ta tsinto tsakuwa, ta tsoma su a ragowar farin fentin Abba, ta ɓoye su a bayan tankin ruwa suka bushe.

Ba ta manta dokar Kaka ba. Ya ce kada tsintsiya ta taɓa wurin, ba ta kuwa ɗauko tsintsiya ba. Da safe, lokacin da Goggo ke ba shi magani, ta fara da katanga, ta shafe ta fari iya inda hannunta ya kai. Ta jira Mafarauciya ta fito ta rufe raminta ta tafi farauta, don kada ta tsorata ta. Ta san daidai inda ƙofar take, tsakanin kofi da dutse, ko yatsa ba ta kai wurin ba. Ta ɗauke tarkacen ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye su kusa da juna a kan simintin gindin famfo. Ta kewaye rairayin da fararen tsakuwa. Ta kawar da bokitin, ta jawo sabuwar kujera da ƙyar ta ajiye a gurbinsa. Da ta ja baya ta duba, wurin ya yi fes.

"Rufe idonka, Kaka. Kada ka yi satar kallo."

Ta jawo shi a hankali har gaban kujerar.

"To, buɗe!"

Kaka ya buɗe ido. Ya dubi katanga, ya dubi tsakuwa. Ya zauna a gefen kujerar, bai jingina ba, ya riƙe sandarsa a tsakanin gwiwoyi.

A daidai lokacin Mafarauciya ta dawo da ƙwaro a rungume. Ta sauko kamar kullum, sai ta tsaya cak a iska. Ta koma sama, ta kewaya, ta sake saukowa. Ta bi layin tsakuwa ta dawo. Can sai ta karkata wajen famfo, ta dira tsakanin kofi da dutse, a kan siminti, ta fara tono. Ƙafafunta na ta karta, ko ƙwayar ƙasa ba ta tashi ba. Ta tashi, ta kewaya, ta dawo daidai wurin, ta ci gaba da kartar siminti, kayanta na maƙale a cikinta.

"Ba nan ba ne!" Yarinyar ta durƙusa tana nuna rairayi. "Ga ƙofarki nan! Ban taɓa miki ba, wallahi ban taɓa ba!"

"Ba za ta ji ki ba," in ji Kaka. Muryarsa a sanyaye take, irin wadda yake yi wa Umma magana da ita a falo. "Ai ba ramin ta sani ba. Ita ke rufe shi da kanta, me za ta gani? Abin da ke kewaye da shi ta haddace. Kewayen nan da take yi kafin ta tafi, kayanta take kallo, wannan a dama, wancan a hagu. Mu ma direbobi haka muke. Ba allo muke karantawa ba. Famfo, itace, shagon da ke kan kwana." Ya girgiza kai yana kallon simintin. "Allah sarki. Wani ya ɗauke mata gida."

Sannan ya juyo ya dube ta da fara'a.

"Yarinya, ke 'yar gidan nan ce? Ki ce wa babanki na gode ƙwarai. Amma a gida za su fara nemana."

Ta yi wuf ta kwaso tarkacen. Mafarauciya ta tashi sama. Yarinyar ta durƙusa a kan rairayi. Kofin a dama da dutse yake, ko a hagu? Bakin tiyon katanga yake kallo ko wake? Silifas ɗin a kife yake ko a buɗe? Kullum tana ganinsu, amma ba ta taɓa kallonsu ba. Ta ajiye, ta ɗauke, ta sake ajiyewa, gwiwoyinta na dama rairayin, har ita kanta ta daina sanin inda ƙofar take. Mafarauciya ta yi ta kai da komo tsakanin famfo da katanga. Daga ƙarshe ta saki ƙwaron a kan siminti, ta haye katanga ta tafi. Ƙwaron na kwance rigingine, ƙafarsa ɗaya na ɗan motsi.

Da yarinyar ta waiwaya, kujera ba kowa.

Sai bayan la'asar aka same shi, a tashar bas, yana tare mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu ko sun san gida mai koriyar ƙofa. Wani kwandasta da ya taɓa aiki a motarsa ne ya gane shi, ya riƙo hannunsa har layinsu. Da suka zo ƙofar gidan Kaka ya wuce ta, sai da kwandastan ya jawo shi baya.

Da Abba ya ji abin da mahaifinsa ke tambaya a tasha, bai zauna ba. Ya haɗa koren fenti, ya ƙara fari, ya ƙara ɗan rawaya, ya gwada a katako ya goge, ya sake haɗawa. Kafin magariba ƙofa ta koma koriya. Amma sabon kore ne mai sheƙi. Wancan kuwa rana da ruwan sama da hannun mutanen gida ne suka yi shekaru suna haɗa shi. Aka fito da Kaka aka tsayar da shi a gabanta. Ya duba, ya ce aikin ya yi kyau, ya tambayi wane ne mai fentin.

Goggo ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta leƙa bayan gida, ta ga tsakuwa da farar katanga, ta dawo ta dafa kan yarinyar ta wuce. Ta shiga ɗaki ta fara ninke kayan mahaifinta.

Ranar tafiya Kaka ne ya riga kowa shiga mota. Ya zauna a gaba, kusa da direba, fuskarsa a sake, don ya ɗauka gida za a kai shi. Ya yi wa Umma godiya, ya yi wa Abba godiya. Yarinyar ta matso jikin taga ta tsaya, tana jiran ko da kalma ɗaya ta tsokana.

"Allah ya yi miki albarka, yarinya," in ji Kaka. "Ki riƙa jin maganar iyayenki."

Motar ta tashi.

Da hantsi yarinyar ta koma bayan gida, ta zauna a ƙasa tana kallon rairayi. Rana ta ɗaga, ta yi zafi, ba abin da ya sauko. Ƙwarin wari na ta yawonsu a kan tumatir. Can ta ji takun Abba. Bai je aiki ba. Ya tsaya yana kallon katangar, inda farin fenti ya tsaya daidai tsawon hannun yarinya.

"Ke kika yi, Mamana?"

"Ni ce."

Ya matsa ya shafa katangar da tafin hannu, kamar yadda yake duba aikin yaransa.

"Ko ɗigo babu," ya ce. "Hannunki ya faɗa."

Ya jawo tsohon bokitin ya kife, ya zauna, ya rufe fuska da hannuwansa da ke da sauran koren fenti. Ba ta taɓa ganin kafaɗun Abba suna rawa ba. Ta matso ta jingina da gwiwarsa.

"Abba, ɗan da ke cikin ramin fa? Abincin da ta riga ta kai zai ishe shi?"

"Ban sani ba, Mamana."

Suka zauna a haka har inuwar katanga ta rufe rairayin.

A ranar yarinyar ta gane cewa Kaka bai manta gidansa ba. Yana tune da shi sarai, shi ya sa yake ta nemansa. Su ne suka ɗauke masa shi, ita da Abba da Umma, kuma don suna sonsa suka yi.